Lallen Inna da Zuciya Mai Ɗaki Ɗaya

A bakin famfon makarantarmu ta kwana na fara ganewa. Muna layin alwalar la'asar ni da ƙanwata, ta miƙa hannu ƙarƙashin ruwan, na miƙa nawa kusa da nata, sai idona ya tsaya a kan faratanmu. Zangon jarrabawa ne, mun yi wata uku ba mu leƙa gida ba, lallen hannuna ya janye, sabon farce ya tsiro fiye da rabi. Nata mai haske ne, ja-ja, kamar cikin kankana. Nawa shuɗi, irin wanda shuni ke bari a hannun marina. Kawunan yatsuna kuma a dunƙule, abin da na daɗe ina gani ban taɓa tsayawa na kalla ba.

Na ce, "Auta, dubi nan."

Ta duba, ta ce, "Sanyi na, Yaya."

A tsakiyar watan zafi ke nan. Ta ja hijabinta ta ruga masallaci a guje. Ni na biyo baya a hankali, na tsugunna sau biyu kafin in isa, kamar yadda na saba tun ina ƙarama. Amma ranar tsugunnon ya zo da tsoro.

Mu biyu ne muka rayu a ɗakin Inna. Na girme Auta da shekara biyu, amma ajinmu ɗaya, don na makara shiga boko. Ni 'yar fari ce, Inna kuwa Bafulatana ce 'yar Galadi, kuma wanda ya san su ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta kiran sunana. Ba ta zama tabarma ɗaya da ni. In baƙuwa ta yabe ni a gabanta, sai ta tashi ta shiga madafa. Da aka yaye ni aka kai ni wurin kakata a Galadi, ban dawo Ƙaura ba sai da ta rasu. Ranar da na dawo, na tarar da wata yarinya zaune a cinyar uwata tana wasa da 'yan kunnenta. Aka ce mini ƙanwata ce. Tun ranar nake kallon wannan cinya.

Baba, mai awon hatsi a kasuwa, shi ke kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Yana ji da ni, amma da asuba yake fita. Inna kuwa in za ta yi mini magana sai ta bi ta kan Auta: "Ce ma waccan ta bar dakan nan, ta zamna." Auta ke daka, Auta ke ɗebo ruwa, Auta ake aike, Auta ake zagi, Auta ake yi wa dariya. Ni zagin ma nake so ban samu ba.

Abu ɗaya ne nawa. Duk bayan mako biyu Inna kan daka lalle ta kwaɓa, ta zauna a gindin darbejiyar tsakar gida, ta miƙo hannu ba tare da ta dube ni ba. Sai in ɗora nawa a kai. Yatsa bayan yatsa take bi, tana danna lallen a kan farce da babban yatsanta, sannan ta zura hannun cikin zunguru ta ɗaure. Auta ba ta da haƙurin ƙunshi, sai da salla ko biki. Wannan rabin awa ita ce kaɗai lokacin da fatar uwata ke taɓa tawa. Har yau ban sani ba ko ta ga shuɗin ne tun ina jaririya take rufewa don kada mata su yi surutu, ko kuwa hanyar da ta samu ke nan ta riƙe ni ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba. Ban tambaye ta ba. Ba a tambayar Inna irin wannan.

Da muka dawo hutu na gaya wa Baba ina son a kai ni asibiti, ya ce ranar Litinin. Na yi niyyar barin faratan a buɗe likita ya gani da idonsa. Ranar Lahadi da hantsi na ji ƙarar turmi, na ji ƙamshin ɗanyen lalle. Inna ta zauna gindin darbejiya ta miƙo hannu. Na san abin da ya kamata in ce. Na tsaya a ƙofar ɗaki har ta gaji da riƙe hannun a sama, ta ɗan girgiza shi. Sai na je na ɗora nawa.

Baba ya sauke mu ni da Inna ƙofar asibiti ya wuce kasuwa. Likitan saurayi ne mai bautar ƙasa, daga kudu, Hausarsa tsinta-tsinta. Ya dubi hannuna, ja har ya yi baƙi. Ya dubi leɓɓana ya dubi na Inna, waɗanda aka yi wa tsagar baƙi tun tana budurwa, ya yi murmushi ya ce, "Fulani." A gari ma haka ake cewa, wai na gado baƙin leɓen uwata, wai kyau ne.

Ya ce, "Mama, tun yaushe take haki?"

Inna ta dubi bango. "Ban lura ba."

"Ɗiyarki ce?"

Inna ta gyara mayafinta. Sannan ta ce, "Ɗiyar gidanmu ta."

Ya ɗauka riƙona take yi, don haka bai ƙara tambayarta komai game da yarintata ba. Ya juyo gare ni. Ina da baki, ina da Turanci daidai gwargwado, zan iya cewa a ƙarƙashin lallen nan farcena shuɗi ne, tun ina rarrafe nake tsugunno. Na yi gum. Jira nake Inna ta faɗa da bakinta. Da Auta ce a kan kujerar nan, na san Inna za ta lissafa masa har ranar da ta fara haƙori. Ya sa abin saurare a ƙirjina, janareto na ruri a bayan taga, ya ce yana jin wata 'yar ƙara, mu dawo in abin ya ci gaba. Ya rubuta maganin asma da na ƙarin jini. Daga baya aka gaya mini jinina ma yawa ya yi, har ya yi kauri.

Shekara biyu suka tafi a haka. Muka gama sakandare a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Auta ta samu shiga poli, kwalejin fasaha, a nan Ƙaura. Ni sakamakona bai kai ba, rabin darussa a ɗakin jinya na yi su. Aka fara hana mata hawa kabu-kabu, sai motar mata in an dace da ita, ko babur ɗin Baba in yana gida. Auta ko a jikinta, ta saɓa jaka ta taka da ƙafa, ta dawo da yamma tana ba Inna labarin malamai, su yi ta dariya a madafa. Ni daga ƙofar ɗaki zuwa zaure sai na huta. Nakan zauna in ƙirga takunta a tsakar gida. Ba na yi mata fatan sharri, Allah shi ne shaida. Amma na sha raya wa raina a ba ni ƙirjinta na yini ɗaya, ita ta ɗanɗani nawa.

Wata Alhamis aka yi bikin 'yar ƙanwar Baba a Zurmi. Baba ya tafi cin kasuwar Shinkafi, muka shiga mota mu uku. A tasha ba mu samu abin hawa na mata ba, Inna ta ce gidan ba nisa. Na tuna na tsugunna gindin wata katanga, na tuna kaina yana sarawa, na tuna rana ta koma kore. Ban tuna faɗuwa ba.

Na farfaɗo a kan gadon asibitin garin, wata nas dattijuwa tana tambayar Inna abin da aka saba tambaya, Inna tana kallon ƙasa. Sai na ji muryar Auta, da ƙarfi, har mutane suka waigo.

"Hajiya, ki bar Inna, ba ta hwaɗi! Ɗiyarta ta, ta hwari. Ki duba halshenta, ki duba cikin idonta. Hwarcen ga kuma shuɗi na ƙarƙashin lalle, na gani da idona shekara biyu da sunka wuce."

Ashe ta gani. Ashe ta riƙe. Nas ɗin ta buɗe bakina, ta ja fatar idona, ta yi salati, ta ce wannan ba na nan ba ne, Sakkwato za a kai ta. Ta ce da Inna, "Baiwar Allah, daga yau kada a sake ƙunsa mata lalle." Ƙanwata ce ta ceci raina a wannan ɗakin, na sani. Amma abin da na ji a lokacin, kuma ina jin kunyar rubuta shi, haushi ne. Maganar da na yi shekara biyu ina jira daga bakin uwata, Auta ta faɗe ta cikin numfashi ɗaya, ta kuma raba ni da gindin darbejiya.

A Sakkwato aka shafa mini wani abu mai sanyi a ƙirji, aka ɗora na'ura, zuciyata ta fito a allo tana motsi. Likitan ya ɗauki takarda ya zana wa Baba. Ya ce zuciya ɗaki huɗu ce, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na ƙasan su ke tura jini, ɗaya zuwa huhu ya ɗebo iska, ɗaya zuwa jiki. Ni ɗaya ne kawai ya ginu, ɗayan ya tsaya ɗan mitsitsi. Shi kaɗai yake aikin biyu tun ranar da aka haife ni, jinin da ya sha iska da wanda bai sha ba suna gauraya a cikinsa, shi ya sa nake shuɗi. Ya ce yawancin masu irin wannan ba sa kai shekaruna ba tare da aiki ba, kuma ɗakin nawa ya fara gajiya.

Baba ya ce, "Likita, a gina mata na biyun mana."

Ya ce ba a ginawa. Abin da ake yi shi ne a canza wa jini hanya. Manyan jijiyoyin da ke dawo da jini daga jiki a ɗinke su kai tsaye da na huhu, jinin ya riƙa gangarawa da kansa, a bar wa ɗakin nan ɗaya aikin jiki kawai. Ya ce a lokacin ba a yin sa a ƙasar nan, kuma ba kowa jikinsa ke karɓa ba, musamman wanda ya girma.

Baba ya yi wata da watanni yana zarya Gusau da takardu, har Allah ya sa aka saka ni cikin waɗanda za a kai Indiya. Shi zai raka ni a matsayin muharrami, sai mace ɗaya mai jinya. Na sa rai Inna ce za ta zo, duk da na san ba zai yiwu ba. Inna ba ta jin Turanci, kuma ko tana ji ba za ta yi wa 'yar fari wanka a gaban mutane ba. Aka ce Auta ta ajiye karatu zango ɗaya.

Ana gobe tafiya na ji ƙarar turmi. Inna ta zauna inda ta saba, ta ƙunsa wa Auta lallen tafiya, hannu da ƙafa. Ina zaune a ƙofar ɗaki da faratana tsirara, shuɗinsu a fili kowa na gani. Da safe ta rungume Auta a zaure, ta daɗe, tana yi mata addu'a da Fulatanci. Sannan ta ce, "Ki kula da kanki. Ki kula da abokiyar tahiyarki." Ni ta tura mini ƙullin dambun nama ta hannun Baba. Na shiga mota ina tunanin in na mutu a can, abin da uwata ta kira ni na ƙarshe ke nan.

A asibitin can ni ce babba a ɓangarenmu. Sauran jarirai ne da 'yan shekara uku zuwa biyar, don a wurinsu tun ana goye ake fara wannan aiki, mataki-mataki. Har su na yi kishi da su. Uwayensu na kuka a fili, suna sumbatar ƙafafunsu, suna kiran sunayensu sau ɗari a yini. Baba sai lokacin ziyara ake barinsa ya shigo. Cikin kwana uku Auta ta san kowa. Nas-nas suna kama hannunta suna yaba lallen, suna ba ta shayi mai yaji, wata ma ta ba ta awarwaro. Likitoci in sun zo zagaye, ita suke kallo suna bayani, don Turancinta ya fi nawa gudu. Ni kamar buhun da aka kawo awo.

Aka fara zura mini siririyar roba ta cinya har zuciya, don a auna ko huhuna zai karɓi jinin da babu mai tura shi. Sakamakon ma Auta aka gaya wa a baranda. Ta shigo tana tsalle, ta ce za a yi aikin. Bayan kwana huɗu aka tura ni a kan gado, Baba na tafe a gefe yana cewa, "Uwata, ki yi ta salati." Abin da na gani na ƙarshe fitila ce mai faɗin faifai.

Na farka da roba a maƙogwaro, da wasu biyu masu kauri a haƙarƙarina suna zubar da ruwa cikin kwalabe a ƙarƙashin gado. An ce aikin ya yi. Amma ruwan ya ƙi tsayawa. Aka ce haka yake yi wa wasu, jiki ne bai saba da sabuwar hanyar ba, kuma muddin yana zuba ba a fita daga haɗari ba. Kowace safiya nas ta durƙusa ta duba kwalba ta rubuta. Aka hana ni mai, aka auna mini ruwan sha. Mako ɗaya, biyu, uku. Zazzaɓi ya zo ya tafi. Yaron gadon da ke kallon nawa, wanda aka yi mana aiki rana ɗaya, aka sallame shi. Wata yarinya kuma aka mayar da ita ɗakin tiyata, ba ta dawo ba, aka canza zanen gadonta. Daga ranar na daina tambayar komai.

Baba ya shirya aka kira shagon wani abokinsa mai waya, aka ɗauko Inna. Ta yi magana da Auta har aka ce lokaci ya kusa ƙarewa. Ina ji Auta na cewa, "Tana nan, ta ci abinci kaɗan." Aka kara mini wayar a kunne. Na ji numfashinta, na ji hayaniyar titi a bayanta. Ta ce, "Sannu." Na ce, "Yawwa, Inna." Layin ya yanke.

Da yamma Auta ta zauna bakin gadona tana cin shinkafa da miya mai maiƙo, ƙamshin ya cika mini hanci. Na ce ta tashi ta ba ni wuri.

Ta ce, "Mi ni yi kuma?"

"Ba ki yi komi ba. Ke ai ba ki taɓa yin komi ba. Lahiya taki, makaranta taki, Inna taki. Ciwon ma da ni ka jinya, ke aka ba labarinai."

Ta ajiye cokali. "Yaya, wallahi ki ji tsoron Allah. Tun ina shekara bakwai ni ka daka gidanmu. Kin taɓa ɗaukar tulu? Yanzu wa ka zubar miki da fo? 'Yan ajinmu na can suna jarrabawa, ni ina nan ina ƙirgar hitsarinki."

"To mu yi musanya."

Ta dubi robobin, ta dubi ɗinkin da ya tsaga ƙirjina daga wuya zuwa ciki. Ta ɗauki kwanonta ta fita baranda, na ji tana jan hanci. Ban kira ta ba. Bayan ta gama ta dawo ta juya ni, ta gyara mini matashi, kamar ba a yi ba.

A cikin mako na biyar ruwan ya fara raguwa. Aka cire roba ɗaya, bayan kwana uku aka cire ta biyun, aka kai ni hoton ƙirji da na zuciya. Ban yarda abin ya wuce ba. Na ga wadda aka cire wa aka sake mayarwa. Ko yanzu da nake wannan rubutu a gida, wata bakwai da dawowa, in na ji tari ya taso mini sai in ajiye biro in dafa haƙarƙari, in saurara.

Washegari da misalin ƙarfe goma babban likitan da ya yi aikin ya shigo, dattijo mai furfura a gira, riƙe da hotunan. Baba bai iso ba tukuna. Kamar kullum ya juya wajen Auta ya buɗe baki.

Na ce da Turancina mai sarƙewa, "Likita, ni za ka gaya wa." Sannan na ce da Hausa, "Auta, hita."

"Yaya, in ba ki gane ba hwa?"

"In mutuwa ta, ni ka yin ta. Hita ki ja ƙohwa."

Ta fita. Ya jawo kujera ya zauna daidai fuskata, abin da bai taɓa yi ba, ya yi magana a hankali, kalma-kalma. Ya ce ba sabuwar zuciya suka ba ni ba, ɗakin nan ɗaya shi zai ci gaba da riƙe ni. Zan sha maganin tsinka jini kullum, zan riƙa ganin likita muddin raina, maganar ciki da haihuwa kuwa kada in yanke ta ba tare da su ba. Sannan ya ɗaga hoton wajen taga ya nuna mini. Huhu a bushe, jini na bin sabuwar hanyarsa.

Na ce, "Zai dawo? Ruwan?"

Ya ce, "Ba na zato. Abin da muke tsoro ya wuce. Kin tsira, 'yata. Mako mai zuwa za ki gida."

Na sa ya maimaita, ya maimaita. Ya tashi ya fita ta ɗaya ƙofar zuwa gado na gaba. Na kasa ko hamdala da baki. Labarin yana hannuna ni kaɗai, duk duniya babu wanda ya ji shi a gidanmu. Ina jin takun Auta a baranda, ta je ta dawo, ta je ta dawo. Ta ƙwanƙwasa a hankali.

"Yaya? Mi ya ce?"

Na ja numfashi, ya shiga har ƙasa, bai tsaya a rabi ba. Na sake jan wani. Sai da na yi goma sannan na ce ta shigo.